Ƙidayar Tsuntsayen Hamada a Zamanin Sauyin Yanayi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa rataya madubin hangen nesa ya tsaya a bakin Kogin Kaduna da sassafe, ya san ba zai bar wurin ba sai an yi masa tambaya. Mai wankin babur zai tambaya, mai noman lambu zai tambaya, 'yan makaranta ma haka. Waɗannan da ke ƙasa su ne aka fi yi mana, mu 'yan tsirarun da ke wannan aiki a garin nan, musamman tun da muka fara zancen tsuntsayen hamada da na bakin hamada. Na bar tambayoyin da lafazin da aka yi su.

Malam, wai me kuke ƙirgawa ne haka?

Ba kowane tsuntsu da ya gifta ba. Waɗanda suka fi tsaya mana a rai su ne masu hayayyafa: suka yi sheƙa, suka saka ƙwai, suka yi kwanci, suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma suka rayu har suka tashi. Babban tsuntsu yakan yi shekaru ana ganinsa a wuri alhali ya daɗe rabonsa da fitar da ɗa ko guda. Mai kallo zai ce ai suna nan. Ranar da tsofaffin suka ƙare sai a wayi gari babu su, a ce sun ɓace farat ɗaya, alhali kuwa ɓatan ya soma tuntuni a cikin sheƙa. Ɗauki ungulu. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Waɗanda suka girma a Kaduna sun san yadda take cika mahauta da rufin kasuwa a da, yau kuwa sai yaro ya gama firamare bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya.

To ai Kaduna ba hamada ba ce. Ina ruwanmu?

Gaskiya ne. Ruwan da muke samu a shekara ya haura milimita 1,000, ya ninka na Nguru ko Yusufari. Jihohi 11 da ake lissafawa a bakin hamada, irin su Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Sakkwato da Zamfara, babu Kaduna a ciki. Amma Katsina da Kano da Zamfara duk maƙwabtanmu ne, kuma tsuntsu bai san iyakar jiha ba. Da yawa cikin tsuntsayen arewa ruwa suke bi: su haura da damina su yi hayayyafa, su gangaro wajenmu da rani. In wani abu ya ɓaci a can, a fadamunmu za a ga alamarsa, ko dai su ragu, ko su sauko da wuri, ko wani iri da ba a saba ganinsa a Makarfi ko Ikara ba ya zo ya zauna har ya yi sheƙa. Sai wanda ke da rubutun shekarun baya zai gane haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba ka jira.

Tsuntsun hamada ai ya saba da rana. Zafi zai dame shi?

Wannan ita ce tambayar da ni ma na daɗe ina yi wa kaina. Ya saba kam, amma sabon nasa a bakin iyaka yake.

Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 40 zuwa 42, ya fi na mutum. Ba ya gumi. In zafi ya matsa masa, haki yake yi, ya buɗe baki, ya saki fukafukai, wasu su riƙa kaɗa fatar maƙogwaro. Kowa ya ga kaza a haka a watan Afrilu. Hakin nan ruwan jiki yake ci, a wurin da ruwa shi ne abin da babu. Tsuntsun da ke haki kuma ba ya kiwo yadda ya kamata, don bakinsa guda ne, ba zai yi haki da shi ya kuma kama ƙwaro da shi a lokaci guda ba. Sai ya laɓe a inuwa. Sa'o'in da ya yi a inuwa, sa'o'i ne da 'ya'yansa suka yi babu abinci.

Ga ƙwai kuma. Yana son ɗumi wajen digiri 37 zuwa 38, in ya daɗe a sama da 40 da 'yan kai, abin da ke ciki ya mutu. Rairayin hamada da tsakar rana ya wuce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu saka ƙwai a ƙasa, irin su yautai da zakaran ƙeƙuwa, da rana inuwa suke yi wa ƙwan da jikinsu, wasu ma sukan jiƙo gashin ciki su zo su kwanta a kai. Akwai wata tsuntsuwar sahara mai kama da kurciya da namijinta ke tafiyar kilomitoci zuwa ruwa, ya jiƙa gashin cikinsa, ya komo 'ya'yan su tsotsa. Dabara ce mai ban mamaki, Allah Ya hore musu. Sai dai an gina ta a kan zafin da aka saba. Ƙara digiri biyu ko uku a kai, ko ka ƙafar da tafkin da yake zuwa, lissafin ya rushe. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mutane ma sun mutu a zafin wannan makon.

Wannan hasashe ne, ko akwai inda aka ƙirga aka gani?

An ƙirga. Misalai biyu na fi kawowa.

Na farko a hamadar Kalahari, can kudancin Afirka, kusa da Kogin Kuruman. Akwai wata 'yar'uwar cilakowa mai rawayan baki a can. Halinta ɗaya da cilakowarmu: macen takan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar a bar 'yar tsaga, namiji ya riƙa miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Masu bincike sun kafa musu akwatunan sheƙa suka bi su daga 2008 zuwa 2019. A shekaru ukun farko, kashi 52 cikin 100 na akwatunan na da masu zama. A ukun ƙarshe, kashi 12. Sheƙar da ke fitar da ɗa ta sauko daga kashi 58 zuwa 17. Kuma duk sheƙar da matsakaicin zafin rana ya kai digiri 35.7 a lokacin zamanta, babu wadda ta fitar da ɗa. Ka yi tunanin macen nan a kulle cikin kogo, ta zubar da gashin fukafukanta, ba ta iya tashi, namijin kuma yana can yana haki a inuwa.

Na biyu a hamadar Mohabi ta Amurka. Wani masani mai suna Joseph Grinnell da abokan aikinsa sun zagaya wurin tun farkon ƙarni na 20, suna rubuta duk abin da suka gani da inda suka gan shi. Bayan kusan shekara ɗari, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya suka ɗauko littattafan suka koma wurare 61. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kowane wuri ya yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na ire-iren tsuntsayensa. Cikin iri 135, guda 39 sun ragu a fili, ɗaya tak ya ƙaru, wani babban hankaka baƙi. Yawancin wuraren nan gandun gwamnati ne, ba noma, ba sara. Raguwar ruwan sama ce ta fi bayyana abin, kuma wuraren da ke da idon ruwa asararsu ba ta kai ta sauran ba. Da aka duba ɓerayen daji na wurin sai aka tarar suna nan yadda suke, don su rami suke shiga da rana.

Abin da nake so a lura da shi a labarin Mohabi shi ne littattafan. Da mutumin nan bai rubuta ba, da babu abin da za a gwada da shi.

Mu a yankinmu fa, ba wanda ya taɓa yin irin wannan?

An yi, ko da yake bai kai yadda ya kamata ba. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali, Burkina Faso da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga manyan tsuntsaye. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan dai, a irin lokacin, da irin tafiyar. A wuraren da ba sa cikin gandayen da ake tsaro, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100. Tuje ya yi wuyar gani. Jimina kuwa babu. Jiminar da ke yawo a Ayar da Tenere a da, yanzu a killace ake kiwonta a Nijar, a wurare irin su Kelle da Iferwan, da fatan wata rana a mayar da ita daji. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ita ma ta kusa zama labari a ƙasar.

Akwai kuma wani abu da ya faru a 1969. A Ingila, inda suka fara ƙidayar shekara-shekara tun 1962, sai aka ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ta ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi diddigi, ashe a bakin hamadarmu take cin rani, kuma ruwa ya gaza a 1968. Wato littafin ƙidaya a Turai ya nuna farkon babban farin nan kafin duniya ta farga da yunwar da ta biyo baya a farkon shekarun 1970. Farin namu ne, rubutun nasu.

Abin da ke tashi, yaya za a ƙirga shi? Ba za ka maimaita guda sau biyu ba?

Za a maimaita wani lokaci, za a kuma tsallake wasu. Ba jimillar tsuntsayen daji ake nema ba. Ana neman a gwada bana da bara, da shekara goma da suka wuce. In kuskurenka iri ɗaya ne kowace shekara, gwajin zai tsaya.

Hanyoyin sanannu ne. Ko dai ka tsaya wuri ɗaya minti biyar ko goma, ka rubuta duk abin da ka gani ko ka ji kukansa, ka matsa mita 200 ko fiye ka sake. Ko ka ja layi na kilomita ɗaya ka bi shi a hankali. A buɗaɗɗen fili irin na hamada, inda tsuntsaye ke warwatse, bin layin ya fi, manya irin su tuje da mikiya ma sai da mota. Ga masu hayayyafa ana ƙara neman shaida: namiji na kukan kare wurinsa, an ga ɗauke da ciyawar sheƙa, an ga ƙwaro a baki ba a haɗiye ba, an ga ɗa bai gama gashi ba. Akan sa wata 'yar na'ura kamar maɓallin riga kusa da sheƙa tana auna zafi dare da rana. Akan kuma ɗaure rikoda a jikin itace ta yi makonni tana naɗar kuka, kwamfuta ta tantance daga baya, ko da yake manhajojin sun fi ƙwarewa a tsuntsayen Turai da Amurka, dole mutum ya saurara da kunnensa.

Ƙa'idar dai ɗaya ce: wuri ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. Mun taɓa asarar rubutun shekara biyu a wata fadama saboda mun canza layi zuwa inda tsuntsaye suka fi yawa. Lambobin suka yi kyau, amma ba su gwaduwa da na baya. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wane lokaci ake fita?

Bayan sallar asuba, da gari ya waye, zuwa wajen ƙarfe tara. Daga nan zafi ya sa su yi shiru.

Watan kuwa, a nan aikinmu ya bambanta da na Turawa. Su bazararsu tsayayya ce. Mu ruwa ne ke yanke hukunci. Shamuwa da cilakowa da farkon damina suke sheƙa, masu cin tsaba sai ciyawa ta yi 'ya'ya wajen kaka, ungulu da rani. A cikin hamada sosai, wasu sukan tsallake shekara ɗungurungum in ba a yi ruwa ba. Saboda haka ƙidayar shekara ɗaya ko biyu ba ta faɗin komai, sai an haɗa ta da ma'aunin ruwan sama an kuma daɗe ana yi.

Ni dai gani nake gatari da bindiga ne suka kore su, ba wani sauyin yanayi ba.

Baba, maganarka na da ƙarfi, kuma ban ga dalilin musa ta ba. Jimina da tuje farauta ce ta fi gamawa da su. Ungulu guba ce da cinikin sassanta. Dausayin Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke isa gare shi, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya ɗora duk wannan a kan yanayi ya sauke wa mutum nauyin da ke kansa, kuma ba na tare da shi.

Sai dai abubuwan biyu haɗuwa suke yi. Tsuntsun da zafi ya matsa wa inuwa yake nema, mai gawayi kuma ya sare inuwar. Hanyar raba su ita ce ƙidaya a wurare biyu masu ruwan sama iri ɗaya, ɗaya ana sara da farauta, ɗaya ana tsaro. In duka suka ragu tare, ka dubi sama. In na inda ake sara da farauta kaɗai ya ragu, ka dubi hannunmu. Amsar tana da amfani, don maganin kowanne daban ne.

Wani abin da ke rikita mutane: ruwan bakin hamada ya ɗan farfaɗo bayan farin 1983 da 1984. Amma zuwansa ya canza, ya sauko da ƙarfi a kwana ɗaya, ya ɗauke na makonni. Jimillar shekara za ta yi kyau a takarda, sheƙar da ke ƙasa kuwa ruwa ya tafi da ita.

In aka dasa itatuwa ba shi ke nan ba?

Ya danganta da wane itace. Masu bincike daga Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a faɗin yankin Sahel. Gawo, aduwa da ƙayoyin gida suna cike da tsuntsaye. Darbejiya da turare kusan fayau, don ƙwarin da tsuntsu ke ci ba sa zama a kansu. Mu kuwa in an ce dashe, su muke fara ɗaukowa. Gawo yana da wata baiwa: da rani yake ganye, lokacin da sauran suka kaɗe, wato lokacin da aka fi buƙatar inuwa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya da sassaben zamani, inda ake barin tohon kututture a gona a gyara shi ya girma. Ta haka suka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5.

Jan-baki na cinye mana gero da shinkafa, ku kuma kuna lallaɓa tsuntsaye?

Ɓarnar jan-baki gaskiya ce. Sanin inda suka yi sansanin hayayyafa da lokacin da 'ya'yan za su tashi shi ne ke ba manomi damar shiri, kuma aikin mai ƙidaya ne. Feshin da aka yi a makance yakan haɗa da shaho, da balbela, da masu cin fara.

Yarona ya harbo tsuntsu da danƙo, akwai zobe a ƙafarsa. Na leƙen asiri ne?

A'a, Hajiya. Masu bincike ne suka sa. Akwai lamba da adireshi a jiki. A ɗauki hoton lambar, a rubuta rana da garin da aka same shi, a aika wa adireshin ko cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos. In yana da rai a sake shi da zobensa. Yaron kuma a nuna masa daga inda tsuntsun ya taso, wataƙila ya ajiye danƙon.

Da wannan rashin tsaro, wa zai shiga daji ƙirga tsuntsu?

Kada kowa ya shiga inda ransa ke cikin haɗari. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari yana cikin mafi kyawun dazukan jihar nan, amma shekaru ke nan zuwa can ba abin wasa ba ne, haka wurare da dama a bakin Tafkin Chadi. Giɓin da wannan ya bari a rubutu babba ne, ba kuma za a iya cike shi daga baya ba. Inda ake iya zuwa, a fara gaida mai unguwa ko dagaci, a bayyana abin da ya kawo mutum, a tafi da ɗan gari. Madubin hangen nesa a hannun baƙo yana tayar da hankali a wannan zamani, kuma mutane suna da hujja. Mafita mafi kyau ita ce mazauna wurin su zama masu ƙidayar. Makiyayi da maharbi sun fi yawancinmu sanin inda tuje ke saka ƙwai.

Ba ni da madubi, ban yi karatun kimiyya ba. Zan iya shiga?

Ƙwarai. Tun 2015 cibiyar nan ta Jos ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye, 9 a kwance. Ka zaɓi gida, ka yi aƙalla awa biyu kana zagayawa, ka shigar da abin da ka gani a manhajar BirdLasser a wayarka. Yawancin masu yi 'yan sa kai ne.

In wannan ya yi nisa, sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa a garinku, da ranar ruwan farko, da yawan sheƙunan da ke kan kuka ko tsamiyar da suka saba sauka, da 'ya'ya nawa suka tashi. Da Hausa, ko da ajami. Ka tambayi tsofaffin unguwa sheƙa nawa suke tunawa a kan itacen nan, ka rubuta da sunan shekarar. Badi ka sake.

In na tarar da sheƙa da ƙwai a ciki, me zan yi?

Ka duba daga nesa, ka ƙirga in ana gani, ka wuce. Kada ka taɓa, kada ka karya reshen da ya rufe ta, kada ka tattake ciyawa har ka yi wa muzuru hanya. Kada kuma ka sa hoton wurin a Facebook in tsuntsun irin wanda ake nema ne a kasuwa.

Mafi muhimmanci, kada ka tashi uwa daga kan ƙwai da rana. Na taɓa yin haka ga wata yautai a wata gona a hanyar Zariya, wajen ƙarfe ɗaya, ina son hoto. Ban fi minti goma ba a wurin. Da na koma bayan kwana huɗu, ƙwai biyun na nan a ƙasa, uwar ba ta nan. Tun daga ranar, sheƙar ƙasa da sassafe kawai nake duba ta, sau ɗaya a kwana huɗu ko biyar, kuma ba na kai minti ɗaya a tsaye.